Raunin Satiru Bai Warke Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa Musulmi, masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bayyana cewa firgicin da ya auka wa al'umma ba ya gushewa da mutuwar waɗanda suka gan shi. Yakan gangaro zuwa ga 'ya'ya da jikoki ta hanyar tarbiyya, da tsoro, da shirun iyaye. Mu a nan muna da irin wannan rauni, sunansa Satiru.

Bayan faɗuwar Sakkwato da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, sai talakawa da bayin da suka gudu suka tattaru a Satiru, kudu da Sakkwato, suka ƙi miƙa wuya. A watan Fabrairu na 1906 suka karya wata rundunar Nasara. A watan Maris Nasara suka dawo da manyan bindigogi, suka kashe mutum kusan 2,000, suka ƙone garin, suka tarwatsa mata da yara. Abin da ya fi ciwo shi ne, mahayan sarakunanmu suna cikin wannan runduna, kuma an la'anci duk wanda ya sake gini a wurin.

Ba mu yarda da da'awar Mahadiyanci da mutanen Satiru suka riƙa ba, amma kuskuren aƙida ba ya halatta wa azzalumi jinin mata da yara. A ganinmu, darasin da talaka ya ɗauka ran nan shi ne kame baki a gaban mai iko, kuma shi ya gadar wa bayansa.

Masu aikin warkar da irin wannan ciwo suna farawa ne da sa mutane su zauna tare su faɗi abin da ya faru. Musulunci ya riga su. Annabi Yusufu (A.S.) sai da ya tunatar da 'yan'uwansa abin da suka yi masa, sannan ya yafe. Yafiya ba tare da ambaton laifi ba, rufe gyambo ne da ƙyalle.

Saboda haka wajibi ne makarantun Islamiyya su karantar da wannan tarihi, matasa su rubuta abin da dattawa suka ji daga kakanni tun kafin ƙasa ta rufe idanunsu, malamai kuma su haɗa hannu da likitocin ƙwaƙwalwa. Ba gaba muke neman tadawa tsakanin zuriyar kowa ba. Waraka muke nema.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya warkar da zukatanmu. Amin.