Kada A Yar Da Tsohuwar Aska

Kowane yaro ya san wanzami da zabirarsa. A cikin zabira akwai ƙaho, da almakashi, da dutsen washi, da 'yar fata, amma babbar cikinsu ita ce aska. Wata askar maƙerin gari ne ya ƙera ta. Wata kuwa, irin wadda a kan naɗe ta shige cikin marikinta, daga Turai ta zo, daga Sheffield ta Ingila ko Solingen ta Jamus. In an duba gindinta, sau da yawa a kan ga sunan garin a rubuce.

A shekarar 1903 wani Ba'amurke mai suna Gillette ya fara sayar da reza, wadda a kan yi aski da ita kaɗan a yar. Sannu a hankali aska ta ja da baya. Yanzu a gidaje da yawa askar kaka tana kwance cikin akwati, tsatsa na cinta. Ni a ganina wannan asara ce, gama ƙarfen tsohuwar aska mai kyau ne ƙwarai, kuma tsatsa galibi a bisa ta ke tsayawa. Ai da tsohuwar zuma a ke magani.

Gyaranta ba ya bukatar kuɗi, sai haƙuri. Da fari a shafa mata mai, a goge da toka da tsumma har fuskarta ta fito. Sa'an nan a jiƙa dutsen washi, a kwantar da ita a kansa, bakinta da bayanta duka suna taɓa dutsen. A tura ta a hankali, a juya, a komo, ba a dannawa. Daga nan sai fata, amma a kan fata baya ne ke wucewa gaba, in ba haka ba ta yanke fatar. Masu gaggawa su kan kai ta injin wasa wuƙa. Wannan kuskure ne babba. Injin ya kan zafafa bakin har ya yi shuɗi, ƙarfen ya yi laushi, ba ya sake riƙe kaifi. Wadda tsatsa ta huda wa baki kuwa, ita kam ta gama aiki.

To, masu cewa a yar da aska suna da hujjarsu, ba kuwa ƙarama ba. Aska ta kan taɓa jini, jini kuwa ya kan ɗauki cuta. Ƙwayar ciwon hanta tana iya kwana 7 a kan ƙarfe ba ta mutu ba, ko da ido bai ga jinin ba. Amma laifin na karɓa-karɓa ne, reza ma in mutum biyu sun yi aski da ita haka za ta yi. Maganinsa kowa ya mallaki tasa, ya riƙa tafiya da ita wurin wanzami. In tilas ta sa a haɗa, a wanke ta da sabulu, a tafasa ta minti 20, a shanya, a shafa mai. Gogewa da tsumma kawai ba ta kashe ƙwayar cuta.

Ku yara, wannan aikin manya ne. In kun tsinci tsohuwar aska a gida, kada ku buɗe ta, kada ku gwada kaifinta da yatsa. Ku kai wa mahaifinku a naɗe, ku roƙe shi ku zauna kusa ku kalla ranar da za a wasa ta.