Uwar magunguna: a gwada ta kafin a ce tana maganin komai

1/ Jama'a, ku zo mu yi maganar sanya, wadda a wajenmu nan Yola ta Karaye har zuwa Rogo ake wa kirari da uwar magunguna. Duk wanda ciwon baya ko sanyin ƙashi ya kama bayan girbi, ita ake fara nemo masa. Ni dai ra'ayina a gwada ta yadda ya kamata. Zare 🧵

2/ Kankare saiwarta ka shinshina, za ka ji ƙamshin man zafi irin su Robb. Ba banza ba. Tana ɗauke da sinadarin metil salisilet, ɗan uwan asfirin. Ashe tsofaffinmu ba da ka suke yi ba.

3/ Shi kansa asfirin daga ɓawon wata bishiya aka fara bin sawunsa, kafin kamfanin Bayer na Jamus ya haɗa shi a 1897. Me ya bambanta su da mu? Su sun auna, sun san adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa.

4/ A sashen haɗa magunguna na ABU Zariya sun daɗe suna gwada itatuwanmu. A jiƙa saiwa, a tace, a ba ɓeraye. Sai a yi musu allurar da ke sa ciki murɗawa, a ƙirga sau nawa suka miƙe don zafi. Ko a kumbura tafin ƙafa, ana aunawa awa-awa, a kwatanta da maganin asibiti.

5/ Madalla, amma ɓera ba mutum ba ne. Sakamako mai kyau a jikin ɓera izini ne kawai na ci gaba da bincike. Abin takaici, sau da yawa nan aikin ke tsayawa, kundi ya tafi kan kanta yana shan ƙura.

6/ Ga kuma haɗarin: saiwar sanya guba ce in ta yi yawa. Mai magani ya ce maka "kofi ɗaya". Kofin wa? Jiƙon dare ɗaya ko na kwana 3? Mai olsa, mai ciki da mai ciwon ƙoda, don Allah ku yi nesa da shanta.

7/ Kada a ce ba za mu iya ba. Cibiyar NIPRD ta Abuja ta samar da Niprisan na masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya, ciki har da kanumfari, masoro da karan dafi. An gwada shi a jikin marasa lafiya.

8/ Haka nake so a yi wa sanya. Jami'o'inmu su zauna da masu maganin ƙauye, a rubuta sunansu, in riba ta zo a ba su kasonsu. A kuma riƙa dasa ta, domin yawan tonon saiwa kashe bishiyar yake.

9/ Kafin nan, in kumburi ya ƙi sauka ko zazzaɓi ya biyo shi, a tafi asibiti. Masu karatun haɗa magunguna, wa zai ɗauki wannan aikin?