RA'AYINMU: Batirin mota, araha ba ta ado

Duk wanda ya saba bin hanyar Sokode zuwa Camba har Kambole, ko babban titin da ya ratsa Dapaong ya nufi Sinkase, ya san wannan abin takaici: an gama lodi tun asuba, direba ya murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zance ba. Kafin a tara masu turi ko a samo aron batir rana ta take, kasuwa ta watse, tumatir ya fara ruɓewa a kwando. Wanda ya tafka asara a nan shi ne mai kaya, shi ya sa muke ganin maganar batir ta shafi ɗan kasuwa kai tsaye.

Babu shakka ƙasarmu ba ta raga wa batir. Zafin watan Maris da Afrilu, wanda a Dapaong yakan kai digiri 40, yana ƙafar da ruwan batir, ya cinye farantan dalmar da ke ciki. Girgizar hanya tana kakkarya su idan ba a ɗaure batirin da kyau ba. Kwanakin da mota ke yi a bakin iyaka ana jiran takardun duwan, rediyo a kunne, wayoyi na caji, inji kuwa a kashe, su ma suna tsotse shi. Batirin da ya saba sauka ƙasa warwas ba ya komawa yadda yake.

Sai dai a namu ra'ayin, rabin laifin namu ne. Mukan ruga wajen na hannu saboda sauƙin kuɗi, ba tare da sanin shekarunsa ba, bayan 'yan watanni mu sake zuba wasu sefa. Ko sabo ne, idan ya daɗe a shago ba caji, ya riga ya fara mutuwa.

Saboda haka kafin a saya, a sa mai gyaran waya ya auna. Lafiyayyen batir mai cikakken caji yana nuna wajen volt 12.6 idan inji na kashe, da kimanin 14 idan yana aiki. In bai kai haka ba bayan an tayar da mota, dainamo ne ba ya caji, kuma sabon batirin ma haka zai bi sawun tsohon. A duba ranar da aka ƙera shi, a sayi mai ƙarfin da ya dace da motar, a karɓi rasit da garanti a rubuce. Wajen cirewa a fara kwance kan da ke da alamar ragi, wajen ɗaurawa shi ne na ƙarshe. In ruwa ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya.

Saura tsohon batirin. Muna roƙon jama'a, don Allah a daina fasa shi a tsakar gida ana narka dalma. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, yara 18 ne suka rasu tsakanin 2007 da 2008 sanadiyyar wannan sana'a. A Zamfara ma, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. A mayar wa mai shago tsohon ba tare da an zubar da ruwansa ba, a nemi ragi a kan sabon.

Muna kira ga shugabannin tasha da na kasuwa su sa awon batir cikin sharuɗɗan lodi. Kai kuma Alhaji, kafin ka ɗora dukiyarka a mota, tambayi direba yaushe rabon da a auna batirinsa. Rigakafi dai ya fi magani.