RA'AYINMU: An Sayi Jirgi Da Inji, Ina Anga?

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mutanen Adamawa da ke neman abinci a Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, in Allah ya buɗa musu, sukan so su kafa wa na gida sana'a. A Jimeta kuwa, wadda ke zaune a bakin Kogin Binuwai, da ƙauyukan da ke kewaye da Yola, sana'ar da ke kusa da hannu ita ce ta ruwa, watau fito, ko su, ko ɗiban yashi. Sai mutum ya tara gumin shekara biyu ko uku ya aika a haɗa jirgi, a ɗaura masa injin Yamaha, a danƙa wa ƙane. Zai tambayi kuɗin katako da na fenti, amma da wuya ya tambayi anga, ƙarfen nan da a kan jefa a ruwa don ya riƙe jirgi, wanda wasu ke kira anka. Sai yaro ya samo wani tsohon ƙarfen mota ko dutse, ya ɗaure da igiyar shanya, shi ke nan wai an gama.

Mu a ganinmu wannan ganganci ne, domin Binuwai ba tafki ba ne. Da rani ruwa yakan janye har yashi ya fito fili, da damina kuma ya cika ya tumbatsa. Bugu da ƙari, tun da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a ƙasar Kamaru a 1982, in ta cika aka buɗe ta, Adamawa ce jiha ta farko da ruwan ke iskewa a Nijeriya. Mutanen bakin kogi ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2022 ba. Jirgin da aka bari da magariba a ruwa mai ƙafa huɗu, yana iya wayar gari a ruwan da ya shanye mutum. In igiyar gajera ce, ɗayan biyu: ko jirgin ya tumɓuke angar ya bi ruwa ya nufi Numan, ko igiyar ta danne goshinsa ruwa ya shiga.

To, me ya kamata a saya? A ƙasa mai yashi da laka, irin wadda ta fi yawa a wajen Jimeta, anga mai faffaɗan baki ce ke nutsewa ta kama. Mai ƙugiyoyi huɗu da maƙera ke yi da rodi ta fi dacewa da wurin duwatsu da saiwoyi, kuma kada a ce wa maƙeri ya zuba rodi mai kaurin gaske, gama in ta maƙale, gara ƙugiya ɗaya ta miƙe a ciro ta a sake lanƙwasawa da a bar ta duka a ƙasa. Tsakanin anga da igiya lalle a sa sarƙa, ko da ƙafa goma ce. Nauyinta ne ke kwantar da anga ta ci ƙasa, ita ce kuma ke hana duwatsu cin igiya. Igiyar kanta ta zama ta nailan, domin tana miƙewa in ruwa ya fizga. Mai shuɗin nan ta kasuwa da ke yawo a saman ruwa, rana ke cinye ta, ga shi kuma takan naɗe farfelar inji. Araha dai ba ta ado. Tsawon da za a saki kuwa ya kai ninki biyar zuwa bakwai na zurfin ruwa: in zurfi ƙafa goma ne, a saki ƙafa hamsin ko saba'in, a kuma bar rara saboda ƙaruwar ruwa da dare.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko kwabo, wadda mu ke mamakin yadda ba ta bazu ba. Maimakon a ɗaura sarƙa a zoben sama, sai a ɗaura ta a gindin anga, can wajen ƙugiyoyi, a kwantar da ita a jikin sandar, sa'an nan a kama ta da zoben sama da siririn zare. Muddin jirgi na ja daga nesa, zaren ba zai tsinke ba. Ran da ta maƙale a kututture, sai a tuƙa jirgi a wuce ta kaɗan, a ja, zaren ya tsinke, angar ta fito ta baya. Wanda bai yarda da zare ba, musamman mai barin jirgi ya kwana a ruwa, ya ɗaura wata igiya dabam a gindin angar da jarka a bakinta tana yawo a sama, ta nan zai ciro ta.

Abu guda da ba mu yarda a yi wasa da shi ba: kada a kuskura a ɗaure anga ta bayan jirgi a ruwa mai gudu. Nan inji yake da nauyinsa, nan kuma ruwa zai fara shiga. A ɗaure ta goshi, a sa guntun tiyo inda igiya ke gogar katako, a ƙulle ƙarshenta a jikin jirgi kafin a jefa, wuƙa kuma ta kasance kusa.

Muna kira ga Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, da sarakunan ruwa da shugabannin masu fito, yadda a ke matsa wa mutane su sa rigar ruwa, haka a riƙa duba anga da igiyar kowane jirgi kafin watan Agusta. Ku kuma da ke nan Kurmi, in za ku aika kuɗin jirgi, ku ware na anga biyu da sarƙa da igiya dabam, ku ce a auna igiyar a gaban wani dattijon kwata, ya gaya muku ƙafa nawa ce.