Kyan Waya Kama Sabis

Duk wanda ya saba shiga karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ba zai rasa ganin irin wannan ba. An gama ciniki, mai sa ya sallama, mai saye ya ce ya tura kuɗi, sai aka tsaya jiran saƙon banki. Can sai ka ga mai sayarwa ya ɗaga sabuwar wayarsa sama, ya matsa gabas, ya koma yamma, yana neman sabis. A gefensa kuwa ga wani dattijo da 'yar tsohuwar waya mai madannai, an ɗaure bayanta da roba, yana ta magana da abokin cinikinsa na Kudu ba tare da yankewa ba. Wuri ɗaya suke tsaye, amma mai tsadar ce ta yi shiru.

Ra'ayina a nan shi ne, darajar waya tana ga kama sabis, kuma ba daidai ba ne mai saye ya yarda a ɗora masa laifin aibin da aka ƙera kaya da shi. Hausawa na cewa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To, amma wanda ya sayi waya bai sayi rariya ba. Ya biya kuɗinsa ne domin ya kira a ji shi, a kira shi ya ji.

Misalin da ya fi fito da wannan batu fili ya faru ne a Amurka. A ranar 24 ga Yuni, 2010, kamfanin Apple ya fitar da wayar iPhone 4, kuma cikin kwana uku aka sayar da guda miliyan 1.7. Ba a yi nisa ba sai masu saye suka lura cewa da zarar sun riƙe ta a tafin hannun hagu, sai sabis ya ragu, wani lokaci ma kira ya yanke. Dalili kuwa shi ne, ƙarfen da ya kewaye wayar shi ne eriyarta, an kuma raba shi da 'yan siraran tsagu. Idan fatar hannu ta rufe tsagar da ke ƙasa ta gefen hagu, sai ta haɗe eriya biyu da ya kamata su zauna a rabe, ƙarfin kamawa ya faɗi.

Abin lura shi ne yadda kamfanin ya karɓi ƙorafin. Da farko shugabansa, Steve Jobs, ya amsa wa wani mai saye cewa ya daina riƙe wayar ta wannan hanya. Daga baya, a ranar 2 ga Yuli, kamfanin ya ce kuskuren yana ga lissafin 'yan layukan da ke nuna ƙarfin sabis a fuskar waya. Sai da mujallar Consumer Reports, wadda ke gwada kaya a madadin masu saye, ta yi nata gwajin ta ce ba za ta ba da shawarar a sayi wayar ba, sannan kamfanin ya kira taron manema labarai a ranar 16 ga Yuli, ya yi alkawarin raba rigar roba kyauta, wadda ke hana fata taɓa ƙarfen. A samfurin da ya biyo baya a 2011 an sauya tsarin eriyar, a 2012 kuma aka sasanta ƙarar da masu saye suka shigar bisa biyan kowannensu Dala 15 ko ba shi rigar.

Wani zai iya cewa an zuzuta lamarin fiye da kima, kuma yana da hujja. Kamfanin ya bayyana cewa waɗanda suka kira shi da ƙorafin sabis ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, kuma gaskiya ne cewa kowace waya tana rage kamawa idan hannu ya rufe eriyarta, domin jikin ɗan'adam yana shanye wani kaso na siginar. Sai dai wannan hujja ta manta da abu guda. Wanda ke kusa da turken sadarwa yana da rarar sabis, ko an rage masa ba zai ji a jikinsa ba. Wanda ke nesa kuwa, ɗan abin da aka rage shi ne duk abin da yake da shi. Wayar da ta yi aiki lafiya a Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a birnin Kano, inda aka saye ta, ba lalle ne ta yi haka a wani ƙauye da ke bayan Darki ko Lajawa ba. Saboda haka ƙaramin aibi a birni babban aibi ne a karkara, kuma a karkarar ne da yawa daga cikinmu za su koyar.

Adalci kuma shi ne a faɗi cewa ba kullum ne laifin ke ga waya ba. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, ƙorafin yankewar kira bai taɓa ƙarewa ba. A watan Mayu na 2012, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ci tarar manyan kamfanonin layi huɗu jimillar Naira biliyan 1.17 saboda rashin ingancin aiki. Cunkoson jama'a ma kan jawo matsala, domin turke ɗaya yana da iyakar adadin wayoyin da zai iya ɗauka a lokaci guda, shi ya sa ranar kasuwa ta bambanta da sauran ranaku. Akwai kuma wayoyin da aka ƙera domin wata ƙasa, waɗanda ba su dace da wasu zangunan da kamfanoninmu ke aiki da su ba. A nan ne mai saye kan rasa tudun dafawa: mai shago ya ce laifin layi ne, mai layi ya ce laifin waya ne, kowa ya taka tudunsa yana hangen na wani.

Maganin wannan gardama gwaji ne, kuma ba ya bukatar ɗakin bincike. A tsaya wuri ɗaya, a cire layin a sa shi a wata waya. Idan ta kama, to, aibin yana ga wayar farko. Idan ita ma ta kasa, a sa layin wani kamfani a gani. A kuma gwada kira da waya a tafin hannu, sannan a ajiye ta a kan tebur a sake gwadawa. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane karo, a bar sauran yadda suke. Kafin a biya kuɗi kuma, a karɓi rasiɗi, a yi yarjejeniya da mai shago a kan kwanakin gwaji, a tabbatar samfurin yana cikin waɗanda NCC ta amince da su. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta bai wa mutum damar mayar da kayan da suka zo da aibi, haka kuma NCC tana da lambar 622 ta kyauta domin ƙorafin da kamfanin layi ya kasa warwarewa.

Me ya haɗa ɗalibin koyarwa da wannan batu? Na farko, aljihunsa. Malamin da ya tara albashin watanni ya sayi waya saboda suna ko ƙyalli, sannan ya koma hawa tudu kafin ya kira gida, ya sayi kyan ɗan maciji. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, shi ne ajinsa. A ƙauye, malam ake kai wa takarda ya karanta, shi kuma ake tambaya wace waya za a saya. Idan shi kansa talla ce ke jan sa, haka zai ja ɗalibansa. Amma idan ya saba musu da tambayar "mene ne hujja?", ya koya musu abin da ya wuce batun waya, domin hanyar da aka bi aka gano aibin eriya ita ce ake bi a tantance iri, da taki, da magani, har ma da labarin da aka ji a bakin kasuwa.

Masu sayen iPhone 4 sun sami haƙƙinsu ne saboda sun gwada, sun nuna abin da suka gani, sun kuma ƙi yarda cewa hannunsu ne ke da laifi. Mu ma abin da ya kamace mu ke nan. Kada sabunta ta ruɗe mu, kada kuma girman suna ya rufe mana baki. Sayen nagari, mai da kuɗi gida, kuma ba a gane nagarin waya a cikin kwali, sai an kai ta inda sabis ya yi ƙaranci ta kama.