Alhaji Ya Ɗaura Bel, Ɗansa Yana Tsaye

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Lamashegu da ke Tamale da safe, lokacin kai yara makaranta, zai ga abin da ke ƙona mini rai. Ga mota ta gani ta faɗa, gilasai a rufe, sanyi na busawa, Alhaji ya ɗaura bel tsaf don ya san 'yan sandan hanya na gaba. Ɗansa kuwa, wanda bai wuce shekara huɗu ba, yana tsaye tsakanin kujerun gaba, hannu ɗaya a kafaɗar baba, ɗaya riƙe da biskit. Wani ma a cinya yake ɗora shi ya damƙa masa sitiyari, Hajiya na gefe tana ɗaukar bidiyon da za ta sa a TikTok, wai yaro ya fara tuƙi. Tuƙin me?

Wannan ɗora yaro a cinya ya ishe ni. Jama'a, hanyar nan fa ita ce ta Kumasi, tirela da tankar mai ke bin ta dare da rana, ga yalo-yalo masu ƙafa uku da babura suna kutsowa ta ko'ina. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, in ta yi karo, daidai yake da a faɗo daga tsayin kusan mita 10. Wane hannu ne zai riƙe yaro a wannan hali? Ko dai ya fita ta gilashin gaba, ko ƙirjin uban nasa ya matse shi da sitiyari, ko jakar iskar da aka yi don babba ta fashe masa a fuska. Dokar hanya ta Gana ta 2004 ta hana a sa ɗan shekara biyar ko ƙasa da haka a gidan gaba, amma wa ya damu? Uban da zai yi faɗa da malami don an ɗan zane ɗansa, shi ne da kansa yake tare hatsari da jikin yaron.

In ka yi magana sai a ce maka, "Ai nan da nan ne, Aboabo kawai za mu." In ka matsa, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. To, ashe shi Alhaji ne kaɗai bel ke iya kare wa tsautsayi? Tun muna makarantar allo muka san labarin mai raƙumin da Manzon Allah (SAW) ya umarta da ya fara ɗaurewa kafin ya yi tawakkali. Mun kuma san 'ya'ya amana ne da za a tambaye mu a kansu.

Akwai kuma waɗanda suka ɗan yi ƙoƙari, suka mai da yaro baya suka ja masa bel na manya. Madalla, amma da sauran aiki. Bel ɗin mota ba ya zama daidai sai tsayin mutum ya kai wajen santimita 145. A jikin ɗan shekara bakwai, na sama a wuya yake bi, na ƙasa ya hau kan tumbi. Yaro ya ji ya takura, sai ya tura na saman zuwa bayansa ko ƙarƙashin hammata. In aka yi karo, bel ɗin da ke kan ciki yana iya yi wa hanji da ƙashin baya mummunar illa. Maganin abin shi ne kujerar ƙarin tsayi, wadda ke ɗaga yaro har na ƙasa ya kwanta a kan ƙugu da saman cinya, na sama kuma ya ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna tana rage haɗarin rauni da kashi 45 cikin ɗari ga 'yan shekara huɗu zuwa takwas, in aka kwatanta da bel kaɗai. Ba a sa ta inda bel ɗin cinya ne kawai, kuma filon ɗaki ba ya maye gurbinta, zamewa yake yi.

Mai sayen ta gwanjo ya buɗe ido. Ya juya ta ya nemi tambari mai ruwan lemo mai ɗauke da R44/04 ko R129, ya duba nauyi ko tsayin da aka rubuta, da shekarar da aka ƙera ta. Wadda ta tsage, ko ta shekara a rana bakin shago a wannan zafi na Tamale, a bar wa mai ita kayansa.

Kada wanda ya ce mini babu kuɗi. Kuɗin baƙin gilashi da sifikun da ke girgiza unguwa daga ina suka fito? Ankon suna fa, da ake ɗinkawa a sa sau ɗaya a jefa akwati? Matar da ta goya jariri ta hau babur zuwa kasuwar Lamashegu, ita ina iya yi mata uzuri, ba ta da wata hanya, ko da yake magidancin da ke jera yara huɗu a babur ba ko hular kwano ɗaya, shi ma zancensa na nan tafe wata rana. Mai mota kam ba shi da abin cewa.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NRSA, ta daina tsayawa a jawabin rediyo, ta zo ƙofar makarantu da ƙarfe bakwai na safe. Limamanmu su sa zancen cikin huɗubar Juma'a. Kai kuma Alhaji, gobe kafin ka murza makulli, ka mai da yaron nan baya ka ɗaure shi, ko da zai yi kuka har makaranta.