Kunkuru a Kan Kwalta: Tausayin Direba Bai Wadatar Ba

Daga ƙarshen watan Mayu zuwa Yuni, a karkarar lardin Ontario na ƙasar Kanada, ba abin mamaki ba ne ka ga mota ta faka a gefen titi, direba ya fito ya sunkuya ya ɗauki kunkuru ya tsallakar da shi. Wanda bai san dawan garin ba zai ce wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne, suka rasa abin yi. Ni a ganina aikin yana da hujja mai ƙarfi, ko da yake bai isa ya ceci dabbar ba. Abin da zai cece ta shi ne a gina hanya da sanin cewa akwai masu rai da suka riga kwalta zuwa wurin, kuma wannan sanin ba ya samuwa sai daga bakin masu lura da dabbobin yankinsu.

Hujjar tana cikin yadda kunkuru yake hayayyafa. Wanda ke tsallaka titi a wannan lokacin galibi mace ce da ta baro fadama tana neman busasshen wuri mai yashi ko tsakuwa inda za ta binne ƙwai, sau da yawa ma kafaɗar titin ce take jan ta. Babban kunkurun ruwan nan mai cizo na Ontario yakan shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara ƙwai, kuma mafi yawan ƙwan da ya binne yanyawa da sauran dabbobi ke tonewa su cinye. Jinsin ya ɗore ne saboda uwar da ta kai girma tana daɗewa a duniya, tana ƙwai shekara bayan shekara har wasu 'yan kaɗan su tsira. Idan mota ta take ta, an yi asarar ƙwan shekaru masu yawa a lokaci guda. A gandun Algonquin, karnukan ruwa sun kashe kusan rabin manyan kunkurun wani tafki a ƙarshen shekarun 1980, kuma bayan fiye da shekara 20 masu bincike sun tarar yawansu bai dawo ba. Wannan a gandun da ake karewa ke nan, balle a bakin titin da ke cin rabonsa kowace shekara. A yau duk nau'o'i takwas na kunkurun Ontario suna cikin jerin dabbobin da hukumomin Kanada ke fargabar makomarsu.

Saboda haka direban da ya tsaya ya yi abin kirki, muddin ya yi shi yadda masana suka tanada. A kai kunkuru ɓangaren da ya dosa, domin idan aka mayar da shi baya zai sake hawowa. Kada a ɗaga shi ta wutsiya, hakan na iya ji masa ciwo a ƙashin baya. Kada kuma a sa shi a mota a kai shi wani tafki da ake ganin ya fi kyau, domin ya san yankinsa, kuma zai yi ta yawon neman gida yana ƙetare wasu titunan. Wanda mota ta fasa wa ƙoƙon baya ma ba a fid da rai da shi, akwai asibitin kunkuru a garin Peterborough da ke ɗinke su, har ya ciro ƙwai daga cikin waɗanda suka mutu ya ƙyanƙyashe.

Masu suka suna cewa ran mutum ya fi na kunkuru, kuma tsayawa a kan titi ganganci ne. Gaskiyarsu. A shekarar 2010, kusa da birnin Montreal, wata mata ta tsayar da mota a kan babbar hanya saboda 'ya'yan agwagwa, wani magidanci da 'yarsa da ke kan babur suka afka wa motar suka rasu, kotu kuma ta same ta da laifi. Babu mai hankalin da zai ce a taka birki a tsakiyar motoci saboda dabba. Sai dai wannan sukar tana ƙarfafa maganata ne. Tunda tsayawa na da haɗari, ba daidai ba ne a rataya rayuwar jinsi guda a wuyan direban da ya ga dama. Ba kowane direba ne ma mai tausayi ba. Wani gwaji da aka yi a Long Point, a gaɓar tafkin Erie, inda aka ajiye kunkuru da macijin roba a kan titi, ya nuna kusan direbobi 3 cikin 100 da gangan suke karkata su bi ta kansu.

A wannan wurin ne kuma aka ga maganin. Titin Long Point mai tsawon kilomita 3.6 ya ratsa tsakiyar dausayi, kuma ya daɗe yana cin dubban dabbobi duk shekara. Mutanen yankin suka haɗa kai da masana, daga 2008 aka fara kafa shinge, aka haƙa kwalbatoci a ƙarƙashin titin domin dabba ta bi shingen ta faɗa kwalbati ta fita ɗaya ɓangaren. Binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna kunkurun da ke hawa titi ya ragu da kashi 89 cikin 100 a inda shingen ya cika, amma inda aka bar giɓi ba a ga ragin ba. Rabin aiki a nan daidai yake da ba a yi ba.

Suka ta biyu ita ce ta kuɗi. A jihar Florida ta Amurka, kusa da Tallahassee, babbar hanya mai lamba 27 ta raba tafkin Jackson. Wani mai bincike, Matthew Aresco, ya kafa shingen wucin gadi a shekarar 2000, yana zagayawa kullum yana ƙirga, ya tsallakar da kunkuru fiye da 8,000 cikin 'yan shekaru. Lissafinsa ya nuna cewa cikin 100 da suka hau titin, kusan biyu ne kawai ke kaiwa ɗaya gefen. Da aka ware fiye da dala miliyan 3 don gina mashiga ta dindindin, Sanata Tom Coburn ya sa aikin cikin jerin almubazzarancin gwamnati a 2009. Amma tsadar ta zo ne daga gyaran titin da aka riga aka gina ba tare da tunanin dabba ba. Duk titin da ya ratsa fadama dole a sa masa kwalbati saboda ruwa. Faɗaɗa shi da ɗora masa shinge tun ana zane ƙaramin abu ne idan aka gwada da kuɗin titin gaba ɗaya.

Abin lura a duka wuraren biyu shi ne ƙirga ce ta riga gini. Injiniya ba zai san inda zai sa kwalbati ba sai wani ya shekara yana rubuta inda gawa ke taruwa da watan da take yawa. Kallon dabbobin unguwa, wanda ake ɗauka nishaɗi ne, shi ne ya zama hujjar da aka kai gaban hukuma.

Mu ma maganar ta shafe mu. Babban kunkurun Sahel, na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ga sabbin hanyoyi ana ta shimfiɗawa ta cikin fadamu. Nijeriya tana da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992. Manomi da masunci da makiyayi sun san mashigar dabbobin yankinsu fiye da duk wani mai zane a ofis. Ya kamata masu tantancewar su zauna da su, su rubuta abin da suka sani kafin a kawo katafila, domin bayan an zuba kwalta kuɗin gyara ninkuwa yake yi.